Ƙyallen Sunan Kaka

A falon gidan Kuang Deshun akwai wata ƙusa a bango, sama da teburin kakanni, wadda ta kusa shekara sittin ba a rataya mata komai ba. Sau huɗu ana yi wa gidan fenti, kowane mai fenti sai ya kai hannu zai cire ta, tsohon ya daka masa tsawa. Duk unguwarmu a Shexian, a ƙasar Sin, an san labarinta. A nan ake rataye hoton kakarsa kowace Sabuwar Shekara, zanen hannu a kan siliki, tana zaune cikin jar riga, a ajiye mata lemo da shayi, yara su zo su rusuna. Yana ɗan shekara goma sha uku samari masu jan ƙyalle a dantse suka shigo unguwa suna kwashe kayan gargajiya da sunan juyin juya hali. Mahaifiyarsa ta yi wuf ta sa almakashi ta yanke saman hoton, inda sunan tsohuwar yake, don kada a gane asalin gidan. Samarin suka tafi da hoton, ita kuma ta ɗinke ƙyallen sunan a cikin matashin kansa.

Yau ga shi zamani ya juya. Abin da aka riƙa jefawa a wuta jiya, shi masu kuɗi ke rububi a gidajen gwanjo. Tukunyar da uwarka ta jiƙa kabeji a ciki, sai ka ji an ce daga fadar sarki ta fito.

'Yarsa Suyun, mai aikin jinya a Hangzhou, ita ta ga hoton cikin jerin kayan wani gidan gwanjo na can, ta turo masa a waya. Bai buƙaci tabarau ba. Ga tawadar nan a ƙarƙashin idon hagu, ga yankan almakashin mahaifiyarsa a karkace. A ƙasa an rubuta: "Hoton wata mata, ba a san ko wace ce ba." An yi wa hoton kiyasin kuɗi yuwan dubu talatin. Da ajiyar Suyun da kuɗin da ya ware don akwatin gawarsa, suka haɗa dubu hamsin da biyu.

Tun a tashar jirgin ƙasa ta fara ja masa kunne.

"Baba, ka ji ni da kyau. Kwana uku za su baje kayan a kalla, ran na huɗu a yi gwanjo. Kallo kawai za ka yi. Ban da rusunawa, ban da kuka, ban da 'na san ta'. Mutanen nan hancinsu ya fi na kare."

"Ke za ki koya mini shiru? Ni da na yi shekara goma ina kwana a kan sunanta ban faɗa wa kowa ba?"

"Lokacin kana yaro ne. Yanzu ko mai sayar da awara sai ya ji tarihin gwiwarka."

Ranar farko ya cika alkawari. Ya tsaya gaban hoton Kaka, hannu a baya, kamar mai duba farashin kifi, zuciyarsa kuwa tana ta rusunawa. Rana ta biyu Suyun tana wurin aiki, ya koma shi kaɗai. Wani saurayi da budurwarsa suka tsaya kusa da shi.

"Dubi fuska," in ji saurayin. "Sak babarki ranar da na zo gaisuwa hannu rabbana."

Yarinyar ta kai masa duka a kafaɗa, ta sunkuya ta karanta 'yar takardar da ke ƙasan hoton. "Kaico," ta ce. "Ba ta da kowa."

Zagi da ya jure. Tausayin ne ya karya shi.

"Tana da kowa!" Muryarsa ta cika ɗakin. "Sunanta Bao Jinglan. Kakata ce. Ga shi nan, ku karanta!" Kafin ya ankara ya zaro ƙyallen daga aljihun ƙirjinsa.

Aka kira Malam Fang, masanin gidan, ya zo da farar safar hannu. Ya kara ƙyallen a saman hoton, yanka ya hau yanka. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima: ba sunan Malam Fang yake kallo ba, wani ɗan jan hatimi ne a kusurwa.

"Dattijo, ka san hatimin wane ne wannan?"

Ina fa zai sani. Shekara sittin yana buɗe ƙyallen nan, sunan kawai yake karantawa. Ashe hatimin wani mai zane ne da attajirai ke neman aikinsa ruwa a jallo.

"Ka ba mu izini mu ɗauki hotonsa mu gyara takardar," in ji Malam Fang. "Sunanta zai fito da manyan baƙi."

Tsohon har da godiya. Yana fita ya kira 'yarsa, baki har kunne. "Suyun, na sa sun rubuta sunanta! Kowa ya shigo sai ya karanta!" Can ta ce, "To, Baba. Ka ci abinci dai?" A muryarta ya gane abin da ya aikata.

Ranar gwanjo Suyun ta ɗaga katinsu na tayi sau biyu, a dubu talatin da biyar da kuma a dubu hamsin. Daga nan ta kife shi a cinya. Sauran cinikin na ma'aikata ne masu waya a kunne, suna ɗaga hannu a madadin mutanen da ko ɗakin ba su shigo ba. Gudumar mai gwanjon ta faɗi a kan dubu ɗari uku da tamanin. Aka yi tafi. Suyun ba ta ce masa "ai na faɗa maka" ba, kuma wannan ya fi masa ciwo.

A bakin ƙofa wata mata mai baƙin kwat ta tare su. Wakiliyar wanda ya saya ce, maigidanta yana son ƙyallen, ko nawa ne.

"A wane ɗaki zai rataye ta?" in ji tsohon.

"Ai ba a rataye su, Kawu. Ma'ajiya ake sa su, mai sanyi, ba haske, sai kasuwa ta ƙara tashi."

Tsohon ya sa hannu a aljihun ƙirjinsa. Sannan ya ciro ƙyallen, ya lallatse shi da tafin hannu, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ba na sayarwa ba ne. Ku sa mata a cikin akwatin da za ku ajiye ta. Ta yi zaman baƙunta ba suna, ya isa haka." Ya ƙara da cewa, "Ki gaya masa ana fito da ita a Sabuwar Shekara. Lemo uku, da shayi mai zafi."

"To, Kawu, zan faɗa," in ji matar, idonta a kan waya.

Da jajiberin Sabuwar Shekara ya zo, Suyun ta dawo gida ta tarar da shi ya goge teburin kakanni tas, ya jera lemo uku. Ya tsaya yana kallon bangon, ita tana kallonsa. Duk shekarun nan ƙusar tana jira ne, don ba a san inda Kaka take ba. Yanzu an sani.

"Suyun," ya ce, "miƙo mini gudumar can mai cire ƙusa. Ki riƙe mini kujera."