Waldar Fedar Hagu

Wani dattijo mai gyaran keke ya sake gyara zama a kujerar silima karo na uku, matarsa ta zungure shi da gwiwar hannu.

"Malam, ka natsu mana. Sai ka ce wanda kuɗin cizo ke ci."

Fim ɗin labarin Ɗan Saƙo ne, mai kai wa mutane kaya a kan keke, wanda mota ta taɓa karya wa ƙafar hagu. Da ta warke sai ta gajarce da yatsa biyu, likita ya ce keke kam sai dai kallo. Mai gyaran nan ne ya yanke ƙarfen fedar hagu, ya rage masa tsawo, ya haɗe da walda mummuna kamar tabon ƙuna. A kan keken nan Ɗan Saƙo ya ci nisan da ba wanda ya taɓa ci cikin awa goma sha biyu.

Abu ɗaya ya hana dattijon sakat: ko an tuna da shi? An kusa awa guda ana kallo. An nuna likita, an nuna uwa tana kuka, har budurwar da babu ita aka ƙirƙiro, amma mai gyara ko ƙeyarsa. Ransa ya sosu, ya haɗiye.

Shi dama ba fuskoki yake kallo ba, ƙafafun keke da sarƙa yake bi da ido. Da aka zo tseren ƙarshe, kyamara ta sauka kan ƙafar ɗan wasan. Sai ga ta ta cika allo: waldarsa, da ƙullutunta da komai.

Da aka tashi, a bakin ƙofa Ɗan Saƙo na ainihi ya ɗingiso ya riƙe masa hannu.

"Baba, sabon keke suka so kawowa. Na ce in ba wannan ba, a bar fim ɗin. Wata uku ɗan wasan nan yana tuƙa shi da lafiyayyun ƙafafunsa, har yau ƙugunsa bai daina ciwo ba."

Dariya ta kama dattijon, godiya ta cika masa ciki har idonsa ya kawo ruwa.

"Ko hularka fa ba a nuna ba," in ji matarsa.

"An nuna aikin hannuna, ya ishe ni." Ya share ido da bakin riga. "Da na san duniya za ta gani, ai da na ɗan goge ta."

"Kada ka kuskura ka taɓa ta, Baba," Ɗan Saƙo ya ce. "Da ita nake tafiya."