Yatsu Uku a Cikin Ɗinki

Wata bakwai ke nan da rasuwar Baba tela, Auta ce kaɗai ke buɗe shagon. Kekensa na nan lulluɓe da tsohon zane, tabaransa a kan teburin yanka inda ya ajiye shi. Bencin da a da sai an matsa wa juna, yanzu kyanwa ce ke miƙe ƙafa a kai.

Kada ku ce yarinyar ba ta iya ɗinki ba. Hannunta ya fi na uban tsabta. Bakinta ne ba shi da linzami. In ta zagaya tef a ƙugun mutum, sai ta faɗi lambar da ƙarfi kamar mai shela. Matar mai kemis, wadda ta shekara goma tana rantsuwa ba ta ƙara ko inci ɗaya ba, ta ji "arba'in da shida" a gaban surukarta. Ba ta sake takowa ba, kuma ta janye rabin matan layin.

Ranar nan yayanta ya leƙo. "Auta, ƙarshen wata zan ba mai sayar da waya shagon nan. Gadin kyanwa ya isa haka."

Da ya tafi ta goge tabaran Baba, ta mayar wurinsa.

Saura kwana tara sai ga tsohon hedimasta da riga a leda, yana haki.

"'Yata, ɗinkin mahaifinki ne. Wanki ya sa ta tsuke."

Ta dubi tumbinsa, magana ta zo mata har bakin leɓe. Allah ya taimaka akwai allura a bakin nata. Ta juya rigar ta fara farke gefe, sai ta ga yadi a naɗe cikin ɗinkin, faɗin yatsu uku, an kwantar da shi lumui. Ɗaya gefen ma haka. Ta sauko da rigunan da Baba ya ɗinka ba a zo karɓa ba, ta duba. Kowacce da nata yatsu ukun.

Nan ta tuna yadda yake awo. Yakan ɗora babban yatsa a kan lambar tef, ya ce, "Kana nan yadda kake." Shekara da shekaru ta ɗauka rashin gani ne, har tana yi masa tsiya. Ta daɗe tsaye da rigar a hannu, ta juya wajen kekensa kamar za ta yi magana. Zane ne kawai a wurin.

"Lafiya, 'yata?"

Ta cire allurar. "Lafiya lau, Baba. Irin yadin nan haka yake, ruwa biyu sai ya tsuke."

Hedimasta ya kori kyanwa ya zauna. "Haka marigayi yake cewa. Akwai na uwargidana guda biyu, su ma wankin ya taɓa su."

Ƙarshen wata yayan ya zo karɓar makulli, ya tarar da mutum uku a benci, har da surukar matar mai kemis, kowa na zagin wanki. Ya rasa wurin zama, ya yi tsaye-tsaye ya tafi.

Da suka watse Auta ta share ƙyallaye ita kaɗai. Wanda take son ta gaya wa cewa ta gane, ba ya nan. Ta yaye zanen, ta ɗiga wa kekensa mai.