Murɗin Hagu

"Ɗaga ƙafa, Baba, ga matakala nan."

Auta ta riƙe hannun mahaifinta har ya zauna a gaban motar, ta ja masa bel, ta rufe ƙofa a hankali. Sannan ta zagaya ta shiga ta ƙofar direba, ta zauna a tsakiya da ledar magunguna a cinyarta. An rufe wa Baba idon dama da auduga da filasta. Na hagun kuwa har yanzu yanar ido ta lulluɓe shi, da ƙyar yake bambance mutum da ƙofa.

Motar ta Kawu ce, ƙanin mahaifiyarta, tsohuwar motar ɗaukar kaya da yake raba sabulu da ita a shaguna. Ya tayar da ita, suka fice daga ƙofar asibiti.

"Likitan nan ya san aikinsa," in ji Baba. "Na ce ya yi mini duka biyun a huta. Ya ce a'a, ɗaya bayan ɗaya ake yi, in wannan ya ba da matsala ga wancan. Na ce masa, yaro, da wayar mota ka koya da ka yi suna."

Kawu ya tuntsire da dariya. "Sau-Biyu ke nan! Kana kwance an yanka maka ido, kana ba likita maki."

Shekara da shekaru Baba yana gyaran wutar mota a rumfarsa ta bakin gareji, kuma ba wanda ya tuna ranar da aka fara kiransa Sau-Biyu. Kwaɗo biyu yake sa wa ƙofar rumfa. In ya ɗaure noti, sai ya tafi ya dawo ya sake taɓa shi. Duk motar da ta shigo hannunsa sai ya raba mata fitilu, ta dama da fiyus ɗinta, ta hagu da nata, na baya daban, don in ɗaya ta mutu a hanya ɗayar ta kai mutum gida. Direbobi suna mitar ya cika jan aiki, amma wurinsa suke dawowa.

Da idonsa ya fara rauni, Auta ce ta zame masa ido. Tana tsaye a bayansa, ya ɗaga waya ya ce, "Wacce ce wannan?" ta ce ja, ko shuɗiya mai farin layi. Ta miƙa filaya, ta haska tocila. Ba ta yi nisa a makaranta ba, kuma magana wahala take yi mata. 'Yan gareji suna kiranta Bahaguwa don da hagu take komai, in sun kira sai ta sunkuyar da kai. Amma abin da ta gani sau ɗaya ba ya fita kanta, kuma in Baba ya kishingiɗa da rana, sai ta tattara guntayen waya ta yi ta gwadawa.

"Batun rumfa fa, Yaya?" in ji Kawu, bayan sun bar gari.

"Na gama magana da mai facin taya na kusa da ni. Gobe da safe zan ba shi makullai ya faɗaɗa wurinsa. Likita bai ɓoye mini ba. Zan ga hanya, zan ga fuskar mutane, amma ni da siririyar waya mun yi sallama. Yayyen wannan kowa ya kama gabansa. Wa zan bar wa?"

Auta ta matse ledar magunguna. Ta daɗe tana gwada maganar a ranta, tana wanke-wanke tana faɗa, tana shara tana faɗa. Yanzu ga ta a bakinta.

"Baba."

"Na'am, Auta."

"Lokacin ɗiga magani ya kusa."

"To, in mun isa."

Ta juya tana kallon hanya.

Hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. A gabansu wata tirela ce maƙare da rodi, tana tafiya tana nishi. Kawu ya leƙa, ya danna hon, ya wuce ta. "Matsa mana, tsohuwa," ya ce, yana ɗaga wa direban hannu. Ba su yi nisa ba ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Rana ba ta faɗi ba, amma gari ya rufe. Kawu ya kunna fitilu, haske ya zuba a kan kwalta.

"Ka ga aiki," ya ce. "Tun da ka taɓa motar nan ko ƙyaftawa ba su yi ba."

Auta ta tuna ranar da aka yi aikin. Baba ya kafa wani ƙaramin akwati na fitilu kaɗai, ya jera fiyus a ciki, kowace fitila da nata, har da jar wutar birki. Amma dukansu daga waya ɗaya mai kauri suke shan wuta, wadda ta taso daga batir ta bi ta jikin ƙarfe. Ran nan ta ce, can ƙasa-ƙasa, "Baba, ai duk uwa ɗaya suke sha." Ya ce, "Me kika ce?" Ta ce, "Ba komai."

Suka iso wata doguwar gada mai hannu biyu, ƙarfe dama ƙarfe hagu, babu inda mota za ta raɓe. A bakinta akwai rami da ruwa ya ɓoye. Motar ta faɗa ta fita da ƙara, kwalayen sabulu suka zube a baya.

Sai duhu.

"Fitila ta tafi!" in ji Kawu.

"Wacce?"

"Duka!"

"Duka kamar yaya? Na raba su!"

"Wallahi duka, Yaya, har ta allon sitiyari!"

Inji yana aiki, waifa tana share gilas, amma ban da ruwa ba abin da ke gaban gilas. Kawu ya ɗaga ƙafa daga mai, ya kusa manna fuskarsa da gilas yana neman ƙarfen gada. Auta ta dubi madubi. Fitilun tirela biyu suna can cikin ruwa, suna ƙara girma.

"Tirelar tana bayanmu," Kawu ya ce, muryarsa ta canja.

"Taka birki ya ga ja!" in ji Baba.

Auta ta san ba wani ja da zai gani. Wutar birkin ma uwar nan take sha. Ga direban tirela, gadar fayau take, babu kowa a kanta.

Ledar magunguna ta zame ƙasa. Ta zura hannun hagu ƙarƙashin allo, bayan rediyon da ya daɗe da mutuwa. Ranar da motar ta kwana a rumfa, Baba ya tafi awon ido, ita ta ja wata waya daga batir da fiyus ɗinta, ta bi da ita ta ɗaya gefen motar. Ta kai ta ga ƙananan fitilu biyu na ƙasan bamba a gaban motar, da wata tsohuwar jar fitila a saman ƙofar baya, waɗanda Kawu ya ɗauka ado ne kawai. Ta gwada, ta ga sun kama, ta rufe bakinta.

Yatsunta suka sami makunnin. Ta danna.

Haske rawaya ya kwanta a kan kwalta, ga ƙarfen gada dab da tayar dama. Kawu ya karkato da sitiyari. A baya tirela ta saki hon mai tsawo, birkinta ya yi huci, rodi suka yi ƙara. Fitilunta suka cika madubi, suka tsaya a nan, sannan suka fara ja da baya.

"Ta dawo! Ta dawo!" Kawu yana dukan sitiyari yana dariya, hawaye a idonsa. "Sau-Biyu, ka cika! Ashe har ta uku ka ɓoye mana! Daga yau Sau-Uku zan riƙa kiranka, kowa ya ji!"

Baba bai taya shi dariya ba. Auta ta sunkuya ta ɗauki ledarta.

Bayan gada akwai gidan mai. Kawu ya shiga ƙarƙashin rufinsa ya tsaya. Tirelar ta zo wucewa a hankali, direban ya danna hon sau biyu.

"Ka ji, shi ma ya san sunanka," in ji Kawu.

"Direba," in ji Baba a hankali, "wurin wa ka kai motar nan bayan na gama da ita?"

"Ni? Wurin wa kuwa?"

"Waɗanne fitilu ne suka kama?"

"Na ƙasan bamba."

"Ban taɓa su ba. Ka raina aikina, ka kai wa wani ya ƙara maka, sannan kana yi mini kirari."

"Haba, Yaya! In na kai ta wani wuri, Allah Ya sa tayoyina huɗu su fashe rana ɗaya. Ni ko makunni ban taɓa ba, da kansu suka kama."

"Fitila ba ta kama kanta."

Baba ya fara lalube a ƙarƙashin allo, yana ƙoƙarin sunkuyawa.

"Baba, likita ya ce kar ka sunkuyar da kai," in ji Auta.

"To ba zan sunkuya ba. Hannuna yana gani."

Ya miƙe zaune, fuskarsa tana kallon gilas, hannunsa yana tafiya shi kaɗai. Ya wuce rediyo, ya sami makunnin, ya bi wayar da yatsa har inda aka haɗa ta da wata. Ya ɓare salatif ɗin da farce. Ya shafa mahaɗin, ya sake shafawa.

"Wannan ɗaurina ne," ya ce. "A fere waya da tsawo, a gicciya, a murɗa, a lanƙwasa kan ya koma ciki. Ba wanda ke yin haka a garejin nan sai ni." Ya sake bin murɗin da yatsa. "Amma ni dama nake murɗawa. Wannan hagu ya tafi."

Kawu ya dubi hannun Auta da ke kan leda. Bakinsa ya buɗe.

"Bahaguwa? Ke? A motata?"

Ta sunkuyar da kai har haɓarta ta taɓa ƙirji.

"Daga ina kika ɗauko wutar?" in ji Baba.

"Daga batir."

"Fiyus?"

"Yana kusa da batir ɗin."

"Ta ina kika bi?"

"Ta gefen direba. Taka ta bi ta nan, kusa da ƙarfe. Na ga in ta tsinke duk za su tafi tare."

"Shi ne abin da kika ce mini ba komai."

Ta gyaɗa kai. Baba ya jingina da kujera, ya daɗe yana jinjina kai. Gefen bakinsa ya motsa, ya danne murmushin.

"Aiki ya yi kyau," ya ce. "Ni na raba 'ya'ya na manta da uwa, ke kika gani. Amma akwai kuskure ɗaya babba."

Auta ta kasa kunne.

"Wa ya san da makunnin nan?"

"Ni."

"Ke da wa?"

"Ni kaɗai."

"To da yau kina gida fa? Da wannan sarkin surutun yana zaune a kan fitila mai kyau, tirela ta bi ta kansa da shi da sabulunsa. Kin ja waya ta biyu, kin bar ta a rataye a baki ɗaya, bakin kuma ba ya buɗewa. Nuna masa."

Auta ta kama hannun Kawu ta kai shi bayan rediyo. "Ga shi nan. Sama kunnawa, ƙasa kashewa." Ta nuna da yatsa. "Akwai wani kuma a gefen kujerarka, in wannan ya ƙi."

"Wani kuma!" Kawu ya lalubo shi, ya danna, ya kashe, ya sake dannawa, hasken yana wasa a jikin famfon mai. "Wata nawa ina zaune a kansa! Yaya, wannan ai ta fi ka ciwon sau biyun nan. Gobe duk gareji sai sun ji."

Ruwa ya fara sassautawa a kan rufin kwano. Baba ya sa hannu a aljihu ya fito da makullai biyu a zobe ɗaya, na kwaɗon sama da na kwaɗon ƙasa. Bai miƙa wa kowa ba. Ya riƙe su a tafinsa yana juyawa.

"Mai faci zai zo da safe," ya ce, kamar da gilas yake magana. "Ban san abin da zan gaya masa ba, tun da ba wanda ya ce mini komai."

Kawu ya buɗe baki, Baba ya ɗaga masa yatsa, ya rufe.

Auta ta dubi makullan.

"Baba, ni zan riƙe rumfar."

Ta san ya ji, don hannunsa ya daina juya makullan. Amma sai ya karkato da kunne wajenta.

"Me kika ce?"

Ta ɗaga kai. Yaron gidan mai da ke can nesa ma sai da ya waiwayo.

"Na ce ni zan riƙe rumfar!"

"Yauwa," in ji Baba, ya lalubo hannunta na hagu ya sa makullan a ciki. "Sau biyu ake yi. Direba, ja mu tafi, lokacin magani yana wucewa."