Malejin Jar Motar Baba Guguwa

Gwiwar hagu ce ta fara cin amanar Baba Guguwa. Tun yana saurayi take taka masa kuloci ba gardama, sai ga shi da tsufa ta ce ta gaji. Wata safiya a bakin danja ƙafar ta sage, jar motarsa ta yi tsalle kamar akuya, ta mutu a tsakiyar titi. Kafin la'asar mukulli ya koma jakar 'yarsa, malamar asibiti, wadda yake kira Uwata.

Motar nan kuwa ba ta zuwa kasuwa ba ce. Shi ya faɗaɗa mata tayoyi, ya buɗe mata salansa har tana gurnani, kuma ya rantse in an yi ruwa tana tari irin na mutane.

"Uwata, raba ni da ita raba ni da numfashi ne."

"To a cire kulocin, Baba, a sa mata atomatik. Zan shiga mu zaga tare. In allurar maleji ta wuce tamanin, mukulli ya zama nawa har abada."

Ya amince da sauri, don kada ta rage.

A gareji, bayan an ɗaura sabon giyabos, bakanike ya shimfiɗa kwali a ƙasa ya ajiye masa giyar aksul, mai juya tayoyi, iri biyu, kowace da zoben haƙoranta, suna ƙyalli da mai.

"Baba, zaɓi. Wannan doguwa ce, tafiyar dattawa, ba ihu, ba shan mai. Wannan kuma gajera ce. Danja na sakinku za ta cilla ka gaba, amma a doguwar hanya inji zai yi ta kuka kamar an taka masa wutsiya."

Baba Guguwa ya durƙusa da gwiwar kirki. Ya bi haƙoran da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwanƙwasa kowace da sifana ya kara kunne. Doguwar ta amsa masa kamar tsohuwa mai mura. Gajerar ta yi wani siririn amo da ya daɗe bai mutu ba.

"Ka ji ko? Wannan tana da aljanu. Ita za ka sa."

"Hajiyar asibiti ta sani?"

"Kai, injiniyan ƙarƙashin bishiya, ita ta haife ni ko ni na haife ta?"

Ranar gwaji Uwata ta zauna a gefensa, jaka a cinya, ido a kan maleji. Baba ya tura giya, ƙafar hagu na ta lalube a ƙasa tana neman abin takawa, har sai da ya lanƙwashe ta ƙarƙashin kujera. Suka hau babban titi. Ya ɗora yatsan ƙafa a totur kamar mai gwada zafin ruwa.

Allura ta miƙe. Sittin. Saba'in. Inji na waƙa.

"Baba."

"Ina gani."

"Baba, tamanin!"

"Wallahi ban taka ba, shafa ta kawai na yi!"

Allura ta leƙa casa'in. Uwata ta dafe ƙirji da hannu ɗaya, ɗayan ta miƙo masa, tafin a buɗe. Baba ya hango kansa a kujerar baya ta motar surukinsa, an kulle masa gilashi, ana tambayarsa ko ya sha magani.

Sai ga ƙaho a bayansu. Wata tsohuwar tipa, shaƙe da yashi, tana hayaƙi tana nishi, ta fito ta jera da su. Direban ya leƙo.

"Baba, in ta ƙi tafiya ka sauka ka goya ta mana!"

Ta wuce su a hankali, yashi na zubo musu a gilashi.

Uwata ta dubi tipa, ta dubi allura. Ta ciro waya ta buɗe abin da ke auna gudu.

"Baba, sittin muke yi. Ko cika ba mu yi ba."

Suka tsaya a gefen titi ta kira bakanike, ta sa a sifika. Da ya ji bayani sai ya yi salati.

"Ranki ya daɗe, laifina ne. Maleji ba taya yake ƙirgawa ba, juyin sandar da ta fito daga giyabos yake ƙirgawa. Gajerar giya kuwa tana sa sandar ta yi ta juyi taya na bin ta a hankali. Akwai wani ɗan haƙorin roba da na manta ban canza ba. Ku kawo ta, yanzu zan gyara."

"Gajerar giya?" Ta juyo ta kalli mahaifinta. Shi kuwa ya sami wani abu mai ban sha'awa a jikin madubi.

"Kin ji, Uwata, allurar ce maƙaryaciya, ba ni ba. A gyara ta."

"Malam," ta ce wa wayar, "kada ka kuskura ka taɓa ta."

"Uwata!"

"Sharaɗi na nan yadda yake. Tamanin, a wannan allurar."

Baba ya yi lissafi da yatsu a kan sitiyari, leɓensa na motsi. Ya yamutsa fuska.

"Ai ko mai keke sai ya yi mini gwalo. Ɗari."

"Tamanin da biyar."

"Casa'in, don darajar furfura."

Ta ja numfashi, ta rufe zif ɗin jakarta, ta bar mukulli a inda yake.

"Casa'in. Kuma a danja ka bari kowa ya tashi tukuna."

Baba Guguwa ya tura giya, ya sa sigina, ya yi kamar kunnen da ke wajenta ne ba ya ji sosai.