Hannun Hagu a Aljihu

Mai ɗinki tana tsakar kafa wuyan riga ta ji tas daga ɗakin da ke jikin nata. Ƙwan lantarki ya ƙifta, warin ƙonanniyar roba ya biyo ta taga. Ko takalmi ba ta tsaya sawa ba.

Ta tarar da maƙwabcinta, tsohon nan Mai Rediyo, zaune a bayan ogan ɗinsa yana hura yatsa. Ogan ɗin tsohon abin kiɗa ne mai aiki da lantarki, ya kai girman kabad, madannansa duk sun dafe. Na matarsa ne. Tun da ta rasu ɓeraye suka tare a ciki ba haya, suka cinye wayoyin. Yanzu ga shi 'yarsa ta ce ƙarshen wata za ta zo ta tafi da shi gidanta, kuma wannan jibgegen abu ba shi da masauki a can. Shi ya sa ya rufe shago ya duƙufa. So yake ya ji muryar abin ko sau ɗaya kafin 'yan gwangwan su kwashe.

"Baba, ina hannunka na hagu yake?"

Ya yi dariya irin ta wanda aka kama, ya maida hannun aljihu.

Shi da bakinsa ya koya mata dokar, ranar da ya fara zuwa aron zare. Kowace waya ya cire sai ya ɗaura mata zare mai launi don ya gane mazauninta, har ya laƙaba wa mai ɗinkin suna Uwar Zare. Ya ce aiki da wuta ba a yi da hannu biyu: ɗaya na aiki, ɗaya na aljihu, don in ta kama mutum kada ta ratsa ƙirji ta bi ta zuciya. Ya ƙara da cewa akwai wasu gwangwanaye a cikin ogan ɗin da ke riƙe wuta ko an zare fulogi, masu riƙo ne kamar mugun dangi.

To amma hannun daman ya soma rawa. Ta sha ganin dalma na ɗiga a ƙasa maimakon kan waya. Mutum mai rawar hannu kuwa dole ɗayan ya kawo masa ɗauki, ita ma ta san wannan daga zura zare a allura. Ta roƙe shi ya bari ta riƙa riƙe masa wayar. Ya ce mai 'ya'ya ƙanana ba ta sa hannu a nan.

"To ka yi mini alkawari."

"Na yi, Uwar Zare. Jan zare kawai za ki ƙaro mini, saura kaɗan."

Daga ranar hankalinta bai ƙara kwanciya ba. Tsoro take ji, ba ɓoye-ɓoye. Takan tsayar da keke ta kasa kunne a bango. In ta ji tarinsa ko ƙarar sukundireba ta faɗi, sai ta ci gaba da taka keke. Wani lokaci wani gurnani kan taso ta cikin bangon, har almakashi ya yi ta karkarwa a kan tebur, sai kuma ya ɗauke. Abincin da take aika masa yakan dawo da kyar an taɓa.

Ana jibi 'yar za ta zo, da hantsi, abin ya yi magana. Murya ce mai kauri, mai daɗi, ta cika ɗakunan biyu. Wata ta biyo, wata ta hau kanta, har suka haɗu suka zama waƙa, a hankali, da tuntuɓe nan da can. Mai ɗinki ta dafe ƙirji tana murmushi, ƙwalla ta cika mata ido.

Sai waƙar ta tsaya a kan murya ɗaya. Ta jira ta canza. Ta gama kalmasa hannun riga, muryar tana nan yadda take.

Ƙofarsa a buɗe take. Yana zaune a gaban ogan ɗin, ba a bayansa ba, ya rufe murfin bayan ya ɗaure kusoshi tsaf. Kansa ya kwanta a kan katakon, hannun dama ya danne madanni. Babu wari, babu hayaƙi. Na hagun yana cikin aljihu, bakin jan zare ya leƙo ta gefen wuyan hannun.

Ta kira shi sau ɗaya, sai ta gane rai ya yi halinsa. Ta daɗe a tsaye, ta kasa katse muryar. Can ta maida hannunta na hagu baya, ta sunkuya ta zare fulogin da na dama. Sautin bai mutu nan take ba. Ya yi ta sirancewa yana sauka, 'yar jar fitilar da ke gaban ogan ɗin tana dushewa tare da shi.