Kantar Ɗakin Amarya

"Ki ce kafinta ne kawai, Na'ima. Mene ne abin wahala a ciki?"

Masahudu ya faɗi haka ne ƙasa-ƙasa, yana waigen ƙofar ɗakin asibitin da aka kwantar da ƙanwarsa Zuleiha. Na'ima ta zuba wa tafin hannunta ido. Lallen bikin ko dushewa bai fara ba.

"Kelvin bai zaɓi bangon nan ba," ta ce. "Ni na nuna masa."

"Wa ya gani? Shi ya huda, shi ya buga ƙusa, shi polis suka kama. Ki bar maganar a inda Allah ya ajiye ta."

Ƙawata ɗaki ita ce sana'ar Na'ima. Duk amaryar da ke ji da kanta a Tamale, daga unguwar Lamashegu zuwa Changli, hoton aikinta take nuna wa iyayenta a waya. Da bikin Zuleiha ya matso, sai ta ɗauki aikin kyauta, don bayan babbar salla gidan su Masahudu zai zama gidan surukanta. Ta so su ga irin hannun da ɗansu ya zaɓo.

Ɗakin amaryar yana wani tsohon gida ne a Tishigu. Ranar da Na'ima ta fara shiga, ta ƙwanƙwasa bangon gabas da bayan yatsa, ta ji ya amsa mata a dushe. Ginin ƙasa ne aka yi wa shafen siminti. Nan take ta gaya wa Mma Lamisi, uwar amarya, cewa a jere kayan a kabad mai ƙafa.

"A ƙasa?" Mma Lamisi ta riƙe haɓa. "Tukwanen da na fara tarawa tun yarinyar nan tana goye? So nake duk matar da ta ɗaga labule ta ɗaga kai sama, 'yata. Ko kuwa aikin ne ya fi ƙarfinki?"

Matan da ke wurin suka yi dariya. Ita kuwa kalmar nan ta "'yata" ce ta narkar mata da zuciya. Ta zana doguwar kanta mai hawa uku a saman gado, ta kira Kelvin, ɗan kudu da ke mata aikin katako. Ya dubi bangon, ya dube ta, ya ce da gurguwar Hausarsa, "Madam, kai ne ka san aikinka."

Kantar ta yi kyau har mata suka yi ta guɗa. Jiya da hantsi dangin ango suka zo ganin jere, kowace gwaggo tana ƙara tata tukunyar a sama don kada a ce ba ta kawo komai ba. Zuleiha tana zaune a gado cikin lulluɓi lokacin da bangon ya saki, kantar ta rufto mata.

"Na tambayi loya," Masahudu ya ci gaba. "Ya ce a doka, wanda ya tsara aiki ya tsaya a kansa, shi ake fara tuhuma. Ba ki da rajista, ba ki da inshora. Sakaci za su kira shi, Na'ima, kuma ana ɗaure mutum a kai. Baba ya rantse, in sunanki ya shiga kotu, maganarmu ta mutu."

"Kelvin fa?"

"Baƙo ne. Zai sha wuya, ya koma garinsu."

"Matarsa na da tsohon ciki."

"Ni kuma ƙanwata ba ta jin ƙafafunta!" Ya kama bakin mayafinta kamar yadda yake yi in yana zolayarta a kan babur. "Haba madam mai zane. Na rasa ɗaya, kada ki sa in rasa biyu."

Ƙofar ta buɗe, Mma Lamisi ta fito, idanunta sun kumbura. Na'ima ta durƙusa.

"Mma, kin tuna ranar da na ce miki bangon..."

"Ban tuna komai ba." Tsohuwar ta kau da kai. "Ikon Allah ne, da mugun hannun kafinta. Haka za mu ce, 'yata. Haka kawai."

Ta ƙofar da ba ta gama rufuwa ba, Na'ima ta hango Zuleiha a miƙe, an sa mata abin tallafe wuya, ta ƙura wa silin ido. Lallen ƙafarta ya kama ƙwarai, irin zanen da suka zaɓa tare suna dariya. Ta tuna amsar da bangon ya ba yatsanta. Ko duk Tamale sun manta, yatsan nan ya ji. In ta yi shiru, a gidan su Masahudu za ta zauna, ita za ta riƙa tura keken Zuleiha zuwa inuwa, ana ce mata 'yata.

Ta zare mayafinta daga hannun Masahudu a hankali, ta miƙe tsaye.

"Ina za ki?"

"Caji ofis," ta ce da ƙarfi, yadda har nas ɗin da ke wucewa sai da ta juyo. "Zan gaya musu ni na ce a kafa kantar, kuma na san ƙasa ce a ciki. Ka gaya wa Baba ba sai ya jira kotu ba."