Takardar da Radiya Ta Bari a Gida

Balki ta bar wa maƙwabciyarta kaskon ƙosai a kan wuta, ta kama hanyar filin ƙwallon Tanout da takarda a hannu. Rabonta da sauri irin wannan tun tana budurwa. Ko kabu-kabu ɗaya ba ta gani ba, sai ka ce sun haɗa baki.

Takardar ta Radiya ce, autarta mai shekara sha shida. Yau ake gwajin motsa jiki na jarrabawar birebe ta gama ƙaramar sakandare, kuma wannan takarda ta likita, wadda 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, ke kira dispans, ita ce ke cewa a ɗauke wa yarinya gudu da tsalle. Balki ta tsince ta ƙarƙashin matashi tana gyaran shimfiɗa. Yarinya ta manta ke nan, za su sa ta gudu cikin zafin bazara ta yanke jiki ta faɗi.

Tsoron Balki ba na banza ba ne. Tun rasuwar mijinta Malam Manzo bara, Radiya ta zama wata iri. Ta daina ci, barci ya guje ta, in ta dawo lakwal sai ta kwanta ta juya wa duniya baya. Balki ta ɗauke mata daka, ta ɗauke mata ɗiban ruwa, ko tsintsiya ba ta bari ta taɓa. Ta rasa miji, ba ta shirya rasa 'ya ba. Sai wata uku da suka wuce Allah ya kawo sauƙi, yarinya ta fara suɗe kwano har da neman ƙari. Balki kuwa ta san dalili: wani jiƙon sassaƙe ne da ƙanwarta ta aiko daga Tarka. Babu matar da ba ta yi wa tallansa ba a unguwa.

Ta isa filin tana haki. Can ta hango 'yan mata shida a jere bakin layin da aka zana da toka, ta huɗunsu Radiya, da dogon wando da ɗan hijabi, tana karkaɗa ƙafafu. Balki ta nufi wata mata mai usur a wuya, Madam Mu'minat, malamar motsa jiki.

"Madam, ki tsai da su don Allah. Ga takardarta, mantawa ta yi. Ba ta da lafiya."

Madam ta dubi takardar, ta dubi Balki.

"Sannu, Inna. Zauna ki huta tukuna. Ba mantawa ta yi ba."

"Kamar yaya?"

"Wata uku ke nan tana gudu tare da mu kafin a shiga aji. Da farko zama take gindin itacen bedi tana kallon 'yan uwanta. Rannan na ce ta tashi ta zaga fili sau ɗaya, da tafiya kawai. Ta zaga tana hararata. Yanzu sau biyar take yi, sai na ce ya isa. Wurin likitan ma na kai ta ya sake dubawa, ya ce jikinta lafiya lau, zaman ne ke cin ta."

Wata uku. Balki ta tsaya tana juya maganar. Ashe fitar sassafen da yarinya ke cewa bita za su yi, wannan ce bitar.

Kafin ta ce wani abu aka busa usur. Balki ta dafe ƙirji, bakinta na addu'a, idonta a kan ƙafafun nan da ta yi shekara tana tattali kamar ƙwai. Ba su karye ba. Radiya ta zo ta uku, ta wuce layi, ta durƙusa tana mai da numfashi, sannan ta ɗago tana dariya da ƙawarta. Dariyar ubanta sak, har da jefa kai baya. Balki ba ta ji ta ba tun ranar da aka fita da shi. Hawaye suka zubo mata, ba ta ko ɓoye ba.

Ta kama hannun Madam da hannu biyu. "Allah ya saka miki da alheri. Allah ya raya miki naki. Ni ina can ina gode wa sassaƙe."

Radiya ta ƙaraso tana zufa, da ta ga takardar sai ta sunkuyar da kai.

"Inna, ki yi haƙuri. Na san in na faɗa za ki hana."

"Da na hana kuwa. To jiƙon fa da nake ba ki kullum?"

"Yana da ɗaci, Inna. Zogalen bayan ɗaki nake zuba wa."

"Shi ya sa ya yi tsawo haka," in ji Balki. Madam ta juya baya tana dariya.

Balki ta ninke takardar biyu, ta shiga yi wa 'yarta fifita da ita, a fuska da wuya, har zufar ta fara tsanewa.

"Gero na nan na jiƙa," ta ce. "Yau ke za ki yi dakan."